Saukar Kaka daga Ɗakin Ƙoli

Tsufa ba a furfura yake ba, a abin da ido ya gani yake. Ni mai wannan rubutu ban cika ashirin ba, amma da ana auna shekaru da yawan farantan tuwon da mutum ya hau bene da su, da yanzu a durƙushe ake gaishe ni. Abin da ya tayar mini da tsohon miki shi ne, kwanan nan masu gyara suka zo gidanmu na unguwar Levenshulme da ke Manchester ta Ingila, suka cire tagar da ke jikin rufin ɗakin ƙoli saboda tana yoyo, suka toshe gurbinta. Na hau bayan sun tafi, na ɗaga kai yadda na saba, ban ga komai ba sai farin fenti. Ƙanena Sadik ya ce ɗakin ya fi ɗumi yanzu. Yaran zamani ke nan, ɗumi kawai suka sani. Mu da muka ga jiya mun san wannan 'yar taga ita ce sararin samaniyar wani bawan Allah gaba ɗaya.

Gidan namu irin gidajen nan ne da ke manne da juna kamar haƙoran matsefi, in maƙwabci ya yi atishawa sai ka ce masa yarhamukallahu. Ƙasa falo ne da kicin, tsakiya ɗakunan kwana, sai wani siririn matakala mai lanƙwasa da ke kai mutum ɗakin ƙoli, can ƙarƙashin rufi inda tattabaru ke zaman majalisa. Da kakata mace ta rasu, Abba ya je Zariya ya taho da mahaifinsa, Umma ta ba da shawara a gyara masa falo. Abba ya dube ta kamar ta ce a shimfiɗa masa a bakin titi. Ya ce shi ba a haife shi don ya kwana a kan ubansa ba, ba kuma zai bar 'ya'yansa su riƙa tsalle-tsalle a saman kan dattijo ba. A Zariya maganar ba ta taɓa tasowa ba, domin gidan Kaka shimfiɗe yake a ƙasa, ba wanda ke saman wani. A nan kuwa dole wani ya kasance a kan wani, don haka Abba ya yanke hukunci cewa Kaka ne zai kasance a kan kowa. Da yake injiniya ne, da hannunsa ya gyara ɗakin ƙoli, ya sa masa banɗaki, ya ja masa ruwan zafi, ya shimfiɗa kafet mai laushin da ko mu ba a saya mana irinsa ba. Duk wanda ya zo ya gani sai ya ce Allah ya yi wa wannan ɗa albarka. Ba wanda ya lura cewa ɗakin da aka tanadar wa mutum komai a ciki, an ɗauke masa dalilin fita ke nan.

Wata matsalar kuma, Abba ɗan fari ne. Tunda nake ban taɓa jin Kaka ya kama sunansa ba. Mai gidan nan yake cewa, in ransa ya ɓaci kuma ya ce wancan. Ba sa haɗa ido, ba sa hira, gaisuwa ce kawai da sunkuyar da kai. Duk abin da ɗaya ke son gaya wa ɗaya, ta bakina yake bi, domin ni jika ce, kuma tsakanin jika da kaka babu shamaki. Amarya yake kirana, ni kuma ina kiransa Direba don in ba shi haushi.

"Ni ba direba ba ne, matuƙin jirgin yaƙi ne," in ji shi.

"To jirgin ba tuƙa shi ake yi ba? Kai da mai bas ɗin Stockport Road duk sana'a ɗaya ce, sai dai shi yana tsayawa a ɗauki mutane."

"Zan sake ki, Amarya. Wallahi zan sake ki in auro mai ladabi."

"Wa za ta aure ka da waɗannan haƙora na aro?"

A farkon zuwansa matakalar ba ta dame shi ba. Yakan sauko da sandarsa bayan hantsi, ya bi titi har kasuwar Longsight, ya tsaya gaban mahauci yana ciniki da Turancin soja kamar mai ba da umarnin fareti, alhali a nan ba a ciniki. Akwai wata 'yar motar council, wato ƙaramar hukuma, da ke zuwa ta ɗauke shi ta kai shi gidan da tsofaffi ke wuni, ya dawo yana ƙorafin cewa shayinsu ruwan wanke kofi ne, kuma wata tsohuwar Baturiya tana yi masa magudi a wasan karta. Yakan biya laburaren unguwa ya karanta jarida tun daga kanu har tallan gidaje. Sai shekarun tsuke bakin aljihun gwamnati suka shigo. Mu yara ba mu san ma'anarsu ba, abin da muka gani shi ne abubuwa suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya kamar naman miya a gidan yawa. Aka rufe gidan tsofaffin, motar ta daina zuwa, laburare ya koma buɗewa yadda ya ga dama, aikin Abba ma aka rage masa kwanaki. Kaka ya rasa wurin zuwa, gwiwarsa ta hagu da ke da ɓarɓashin ƙarfe tun lokacin yaƙi ta samu zama da sanyi ta sandare. Wata rana yana hawa ya zame a lanƙwasar matakalar ƙoli, da ƙyar aka ƙarasa da shi gado. Daga ranar bai ƙara saukowa ba.

Likitanmu na unguwa ya ce a nemi kujerar nan mai lantarki da ke hawa da mutum bene. Wata mata daga council ta zo ta auna matakalar, ta ce irin mai lanƙwasa sai an ƙera ta musamman, kuma layi na da tsawo, ba ta san ranar da za a zo kanmu ba. Sannan ta faɗi abin da kowane mai hankali zai faɗa, ta ce me zai hana kafin nan a sauko masa da gado falo.

Abba ya yi mata murmushin da yake yi wa mai ba da tikitin fakin. "Mun gode, Madam. Mu ba ma yin haka."

Ta dube ni, na ɗaga kafaɗa. Ta yaya zan fassara mata?

Haka aka shiga zaman da nake son ba ku labari, zaman da in na rufe ido har yanzu kunnena ke fara tunawa kafin zuciyata. Ƙwanƙwasar sandarsa a daɓe in yana son shayi, wadda ke ratsa silin ɗin ɗakina kamar ana yi mini kafinta a ƙoƙon kai. Rediyonsa da asuba yana kamo labaran gida cikin shuu. Kukan tattabaru, ƙarar bututun ruwan zafi, da yayyafin garin nan da ba ya gajiya, yana ɗiɗɗiga a gilashin tagar rufi. Ni ce mai hawa da koko da safe, ni ce mai hawa da tuwon semo da miyar kuka da yamma, ni ce mai sauko da kwanuka da wanki. Na hau matakalar nan har cinyoyina suka yi ƙarfin da na lashe tseren makaranta ba tare da na taɓa yin atisaye ba. Yaran yanzu saƙo suke tura wa juna daga ɗaki zuwa ɗaki a gida ɗaya. Mu a zamaninmu, wato shekarun da ba su kai yatsun hannu ba, da ƙafa ake aika.

Tagar ba ta fi dardumar salla ba, kuma ba a ganin titi ta cikinta, ba a ganin mutum, sai sama. Kaka ya sa aka juya masa gado ya fuskance ta. Jiragen da ke neman sauka filin jirgin garin sukan gifta can gefe, wani lokaci ya gan su, wani lokaci sai ƙara kawai. Yakan ɗaga yatsa ya ce, "Ji wancan, ya cika ciki, da ƙyar yake ja." Ko ya ce, "Wannan yaro ne ke tuƙi, gaggawa gare shi." In na ce ta yaya ya sani, sai ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na ce ai yanzu shi ne a kan rimin. Ya yi dariya har da tari, sannan ya mayar da ido kan tagar. Maganar da ya fi maimaitawa ita ce, tashi ba wuya, ko kaza in an kore ta tana tashi, sauka ce aiki.

Baƙi da farko sukan hau su gaishe shi, su iso suna haki kamar sun yi Safa da Marwa. Sannu a hankali suka koma tsayawa a falo su ce a gaida Baba, kada a tashe shi. A falon kuwa akwai abin kallo, wato lambar yabonsa ta jarumta, cikin gilashi, rataye a bango inda duk wanda ya zauna sai ya gan ta. Ita ke karɓar gaisuwa a madadinsa. In Gwaggo Rabi, ƙanwar Abba da ke zaune a Handsworth ta Birmingham, ta zo mana hutu, ita ke ba da labarin lambar, kuma kowace shekara labarin na ƙara ƙiba. Asalinsa dai shi ne, a yaƙin basasar ƙasarmu Kaka na tuƙa jirgin ɗaukar kaya da aka mayar na jefa bam, irin wanda da hannu ake mirgina bam ɗin ta ƙofa. Aka harbe su daga ƙasa, inji ɗaya ya kama wuta, ya umarci mutanensa su dira da lema, amma ɗaya daga cikinsu ya ji rauni ba zai iya ba. Kaka ya zauna a kujerarsa, ya kawo jirgin da inji guda, tayoyi suka ƙi fitowa, ya kwantar da shi a kan cikinsa a wata gona, su biyun suka rayu. A bakin Gwaggo kuwa, wutar har gemunsa ta kama, yana tuƙi da hannu ɗaya yana kashe ta da ɗayan, alhali a hotonsa na lokacin ko gashin baki ba shi da shi.

Wata rana ina tsince masa ƙashin kifi na tambaye shi ko bai ji tsoro ba.

"Amarya, kina iya riƙe sirrin miji?"

"In akwai tukwici."

"Ƙafata ce ta maƙale. Ƙarfe ya lanƙwaso ya danne gwiwar nan. Na ja, na ja, ta ƙi. Da ta fito, Allah kaɗai ya san abin da zan yi, ni ban sani ba har yau. Suka ce na ƙi barin ɗan'uwana. Wataƙila haka ne. Amma ni abin da na sani, an ba ni lamba saboda na rasa ƙofar fita."

"To su waɗanda ke ƙasa fa, waɗanda kuke jefa wa?"

Ya daɗe yana kallon tagar. "Daga sama mutum ba shi da fuska," in ji shi. "Kawo ruwan wanke hannu."

Bai taɓa cewa yana son saukowa ba, ko sau ɗaya. Sai dai wata safiya ya tambaye ni, kamar da wasa, ko ƙasa na nan inda ya bar ta. Na ce tana nan tana gaishe shi. Ya ce in ɗebo masa kaɗan ya gani, kada in yi masa ƙarya. Na saci robar da Umma ke kwaɓa cincin a ciki, na je bayan gida na kankaro baƙar ƙasa mai sanyi daga gindin katanga, har da tana a ciki. Na kai masa ina dariya. Ya cire safa, ya zura ƙafafunsa biyu a robar, ya rufe ido. Na daina dariya. Robar nan ta zauna a ƙarƙashin gadonsa duk lokacin sanyi, Umma tana nemanta tana zargin maƙwabta.

Na sami Abba na ce, "Kaka fa yana son saukowa."

"Shi ya gaya miki?"

"Bai faɗa da baki ba."

"To kada ki sa masa magana a baki. Kujerar na nan zuwa, muna kan layin jira."

Na koma sama na ce, "Direba, ka ce a sauko da kai mana."

"In roƙi ɗan fari? In sa shi ya karya abin da ya yi don girmama ni, a cikin gidansa, a gaban matarsa? Ke dai ba ki da kunya, shi ya sa nake son ki."

Kun ji yadda aka kulle mutum ba tare da makulli ba. Ɗa ba zai iya cewa uba ya koma ƙarƙashinsa ba, uba ba zai iya cewa ɗa ya hau kansa ba, ni kuma ina tsakiya da faranti.

Abin da ya fasa ƙwan shi ne haihuwa. 'Yar Gwaggo Rabi ta haifi namiji, aka ce sunan Kaka za a sa masa. Kaka ya ce ko da rarrafe sai ya je Birmingham ya ga takwaransa. Abba ya shirya da wasu samari majiya ƙarfi daga masallaci su zo su sauko da shi a kujera. Da na kai wa Kaka labari sai ya buga sanda a daɓe har tattabaru suka watse.

"Ki gaya wa wancan, ranar da za a ɗauke ni a kafaɗa tana nan tafe, kuma ranar ba zan yi gardama ba. Yau da kaina zan sauka. Kowa ya fita waje, a rufe ƙofa. Ke kaɗai za ki tsaya."

Aka yi yadda ya ce. Gidan ya yi tsit. Kaka ya tuɓe babbar riga da hula ya ce in jefa su ƙasa, sanda ma ta bi su, wai jirgin da ke cikin matsala kaya yake fara zubarwa. Ya zauna a bakin matakala daga shi sai 'yar shara da wando, ya ce in sauka gabansa da baya, in tallabe diddigen ƙafar da ba ta lanƙwasuwa. Ya yi bisimilla, ya dafa da hannuwa, ya ja jiki ya sauko mataki ɗaya a zaune. Ya huta. Ya sake. Ina ta zuba masa surutu, ina cewa fasinjoji a ɗaura bel, direbanmu na yau ya girmi jirgin. Yana cewa in yi shiru, hasumiyar filin jirgi ba ta surutu.

Da muka kai lanƙwasar sai ƙafar ta tokare da bango. Wurin ya yi ƙunci, ƙafar kuma a miƙe take kamar taɓarya. Na karkata ta dama, ta ƙi. Ya gwada komawa sama, hannuwansa suka kasa ɗaga shi. Ba gaba, ba baya. Na ga zufa ta keto masa a wannan sanyi, numfashinsa ya koma gajere, idonsa a buɗe amma ba ni yake gani ba.

"Ta maƙale," ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba. "Ƙafar ta maƙale."

"Bari in kira Abba."

Ya damƙe wuyan hannuna har na ji ƙashi. "Kada ki kuskura."

Na fasa kiran. Muka zauna, ni ina riƙe da diddigensa, shi yana riƙe da hannuna, bututun ruwan zafi na ƙara a bango. Can wani jirgi ya gifta, ƙararsa ta shigo ta tagar da muka baro a sama. Kaka ya saurara har ta ɓace. Sannan ya ja dogon numfashi.

"Wancan karon ma tayoyi ba su fito ba," in ji shi. "Matsa, Amarya."

Ya kwanta a gefensa, ya mirgina a hankali ya kifa cikinsa a kan matakala, ƙafar ta samu hanya ta zagaye kusurwar. Haka ya sauko, rub da ciki, haɓarsa na gogar kafet, dattijon da ake rataye lambarsa a gilashi. Matakalar ƙoli ta ƙare, muka kama ta biyu, bai ma tsaya juyawa ba. Da muka kusa ƙasa na waiwaya, sai na hango inuwar Abba ta gilashin ƙofar gida. Ya juya mana baya, yana fuskantar titi, goshinsa a sunkuye, kafaɗunsa na rawa. Duk abin da ake yi yana ji. Bai waiwayo ba, kuma ban taɓa gaya wa Kaka ba.

Da ya dira bai nemi riga ba, bai dubi lambar ba. Ya karɓi sanda ya dogara har bayan gida, ya tsaya ba takalmi a gindin katangar da nake sato masa ƙasa. Ya ce, "Komai nisan jifa." Bai ƙarasa ba.

A wurin suna an ci an sha, Kaka ya rungumi takwaransa ya yi masa addu'a, ya ce yaron ya fi shi kyau amma bai kai shi hanci ba. Da yamma muna shirin tafiya Gwaggo Rabi ta tare ƙofa. Ni ce na ba ta labarin saukar, da ƙarin gishiri kamar yadda na saba, ban san wuƙa nake wasa mata ba.

"Yaya, Baba ba zai koma waccan hasumiya ba. Ina da ɗaki a ƙasa, kuma flat ɗina ba kowa a samansa sai rufi. Magana ta ƙare."

Abba ya sunkuyar da kai ya ɗauki makullin mota. Muka kamo hanyar Manchester da kujerar gaba babu kowa.

Na ɗauka an gama, ashe keji aka sauya. Ɗakin Gwaggo a ƙasa yake, gaskiya ne, amma tagarsa bangon maƙwabci take kallo da kwandunan shara. Gwaggo na aikin asibiti, ta fita tun duhu ta dawo da duhu, kuma takan kulle ƙofa don tsoron kada ya fita ya faɗi a titi. In na kira shi a waya sai ya ce, "Amarya, me ya wuce ta sama yau?" In ƙirƙiro masa jirage. Wata rana ya ce an fitar da shi daga kan rimi an jefa shi rijiya. Gwaggo ta ce abinci ma taɓawa kawai yake yi. A gidanmu kuma silin ɗina ya yi shiru har barci ya ƙi zuwa, Umma ta ci gaba da tuƙa tuwo da rabonsa bisa mantuwa, Abba kuwa yakan hau ɗakin ƙoli wai duba yoyo, ya daɗe bai sauko ba.

Wasan jika da kaka ba ya aiki a kan uba, na sani. Amma wata yamma muna cin abinci na ajiye cokali na ce, "Abba, girmamawar nan taka fa ta kai shi har Birmingham." Umma ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur har yau ina jin wurin in za a yi ruwa. Abba ya ture farantinsa ya tashi. Ranar Asabar ya ce in sa takalmi.

A Birmingham muka sami Kaka zaune a bakin gado, ya rame, fitila a kunne da rana tsaka. Abba ya durƙusa ya gaishe shi, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa. Tsakaninsu bai kai kamu ɗaya ba, amma duk su biyun ni suke kallo.

"Ki gaya wa Baba," in ji Abba, "falo na nan. Tagarsa titi take kallo, ana ganin sama ta kan rufin gidaje. Sai dai ɗakunanmu a kansa suke. Ban san yadda zan yi ba."

Na juya na ce, "Direba, ka ji."

Kaka ya daɗe yana murza carbi. Sannan ya ce, "Ki gaya wa mai gidan nan, na yi shekaru ina bi ta kan mutane da wuta a cikin jirgi, da iyayen wasu da 'ya'yan wasu, ban taɓa neman gafarar kowa ba. Ɗana ne zai bi ta kaina da safa in ce an yi mini laifi? Ya taka. Na yafe."

Wannan ne karo na farko da na ji ya ce ɗana. Ban fassara ba, domin Abba ya riga ya kifa fuskarsa a kan gwiwar nan mai ƙarfe.

Ranar da aka kafa masa gado a falo, abin da ya fara cewa shi ne a sauke lambar a kai ta ɗakin ƙoli, ita ma ta je ta ɗanɗana zaman jarumta. Ya samu bazara guda da damina guda a bakin tagar nan. Ya san mai kawo wasiƙa, ya san karen kowa, yana ɗaga wa 'yan makaranta hannu, yana cewa ashe daga ƙasa kowa da fuskarsa. Abba kuwa ya kafa doka, ba mai hawa bene da takalmi, ba gudu, Sadik ya koyi tafiya kamar ɓarawon kaza. Shi kansa duk lokacin da zai hau sai ya tsaya a gindin matakala ya ce, "Gafara dai, Baba." Kaka ya yi kamar bai ji ba, sannan ya ce da ni, "Amarya, ki ce masa an ba shi izinin tashi."

Ƙasar Manchester ce ta karɓe shi, kuma ranar, kamar yadda ya yi alkawari, bai yi gardama da masu ɗaukarsa ba. Mutanen council sun kira bayan an yi sadakar arba'in, wai layin kujerar hawa bene ya zo kanmu. Umma ta yi musu godiya.

Yanzu an mayar da kujeru falo, robar cincin ta koma kicin bayan an wanke ta da duk sabulun da ke gidan, ni kuma ina haɗa kayan tafiya jami'a. Da aka toshe tagar rufi na ɗauko lambar daga duhu na sa a akwatina, domin ta yi zaman da ya ishe ta. Jiya da yamma ina wanke kwanuka na ji Abba ya dawo, ya cire takalmi a gindin matakala. Ya ɗora ƙafa ɗaya a mataki, ya ce a hankali, "Gafara dai, Baba." Sannan ya tsaya yana jira, kamar kullum, falon kuwa babu kowa.

Na kashe famfo na ce, "An ba ka izini, Abba."

Bai juyo ba. Ya hau da sanɗa.